Gilashin Mijin Yayata

Mijin yayata ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gindin Dala. Kafin la'asar mun kai shi. Bai yi doguwar jinya ba. Ƙirji ne ya kama shi, ya kwanta, bai tashi ba.

Jama'a ba ta taru sosai ba. Tsararrakinsa sun riga shi tafiya, direbobin yanzu kuma ba su san shi ba. Ɗansa ɗaya da ya rage, wanda ke ɗinki a Gusau, bai iso ba sai ranar sadakar uku. A cikin gida wata tsohuwa, 'yar ƙanen ubansa, ita kaɗai na ji kukanta, shi ma bai daɗe ba.

A zaman makoki na ji abin da ake faɗa. Liman ya ce mutum ne mai haƙuri, haka yake faɗa a kan kowa. Wani maƙwabci mai sayar da itace ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba. Ya huta da wankin gilashi." Na kusa da shi ya sa hannun riga ya rufe baki. Wani baƙo da ya zo gaisuwa ya tambaya a hankali, "Shi ne makahon nan da ke goge gilashi a ƙofar ɗaki? Wai ba taɓuwa ba ce?" Aka ce masa ya yi shiru. Amma ba wanda ya ce masa ba haka ba ne.

Ni ma ban ce komai ba. Magana ba ta zo mini a cikin taro. Na koma ɗakina na zauna ina tunani. In na bi bayansa, abin da zai rage a unguwar nan ke nan: makaho mai wanke gilashin da ba mota a jikinsa. Shi ya sa na sami maƙwabcina da ya iya rubutu, na ce ya zauna, ina faɗa yana rubutawa, kada ya ƙara, kada ya rage.

Direba ne. Yana cikin 'yan birni na farko da suka riƙe sitiyarin babbar mota. Motar wani Alhaji ce mai fataucin gyaɗa. Ba ta shiga lungunanmu, don haka a fili take kwana, kusa da Ƙofar Kabuga. Kullum bayan sallar asuba sai ya ratsa gonakin cikin ganuwa da ƙafa, buta a hannu, gwangwani a hammata.

A cikin gwangwanin akwai tsumma biyu, duka daga tsohon rawaninsa ya yage su. Ɗaya na wanki, ɗaya na tsanewa. Ba ya musanya su. Akwai ganyen taba a ƙulle, da ɗan man kaɗe a ɓawon kwakwa.

Gilashin motar gida biyu ne, ƙarfe ya raba su a tsakiya. Na dama nasa, na hagu na wanda ke zaune kusa da shi. Kafin ya taɓa, sai ya cire zobensa ya sa a aljihu. Ba ya goge busasshen gilashi. Sai ya fara zuba ruwa daga sama, ya bari ya gangaro da ƙasar da ke jiki, sannan ya sa tsumma. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ka ja ta da tsumma, ta bar maka layi har abada, kuma ranar da rana ta fuskance ka a hanya, layin nan ne zai tsaya maka a ido. Da damina, in ƙwari sun mutu sun manne, ba ya kankarewa da wuƙa kamar sauran. Jiƙaƙƙen tsumma yake ɗorawa, ya je ya duba taya, ya dawo ya tarar sun saki. In hadari ya haɗu, sai ya jiƙa ganyen taba ya shafe gilashin da shi, ruwan sama ya riƙa zamewa, don waifar motar, mai share ruwan, in ta ga dama take aiki. Robar da ta zagaye gilashin yakan shafa mata man kaɗe don kada ta bushe ta tsage. In muka tsaya da tsakar rana sai ya rufe shi da tabarma. Wata rana wani mai sayar da ruwa a tasha ya watsa wa gilashin ruwan randa mai sanyi alhali gilashin ya ɗau zafi, don neman lada. Ban taɓa ganin mijin yayata ya bi mutum da gudu ba sai ranar.

Yakan ce, "Inji na makanike ne, taya ta Alhaji ce, gilashi nawa ne."

Yadda na shiga motar shi ne wannan.

Ni da jakuna nake aiki a da, ina kai wa magina ƙasa daga kududdufi. Shekarar da sanƙarau ya shigo unguwarmu, ya ɗauki matata da 'ya'yana. Ya haura gidansa ya ɗauki yayata, matarsa, da ƙananan 'ya'yansu. Duk kafin ruwan farko ya sauka. Ni ma ya kama ni, ya sake ni da kunne ɗaya. Na sayar da jakunan. Na shiga ɗaki na zauna. Ba kuka nake yi ba. Zama kawai nake. In an miƙo abinci in ci, in ba a miƙo ba in bari. Mutane suka yi ta zuwa da nasiha har suka gaji suka daina.

Shi bai zo da nasiha ba. Wata safiya ya ɗaga asabarina ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ƙanin mata, hannunka na aiki?"

Na ce yana yi.

Ya ce, "To tashi. Mai dafa mini gilashi nake nema."

Na ce ban san wannan aikin ba.

Ya ce, "Wanda ya iya bin jaki ba abin da zai gagare shi. Sa rigarka, ka ishe mu da wari."

Da ma akwai wasa tsakanina da shi tun ranar da ya auri yayata. Amma yayata ta mutu, abin da ya haɗa mu ya tafi. Ba abin da ya wajaba a kansa. Shi ma nasa gidan kango ne. Na sa riga na bi shi.

Aikin kuwa ga shi. Hanyar Gwarzo burji ce. In wata mota ta taho, tayoyinta na watso tsakuwa. Direbobi sun ce in an manna tafin hannu a jikin gilashi daga ciki, ko tsakuwa ta buga ba zai fashe ba. Shi hannuwansa na kan sitiyari saboda gargada. Ni ne zan dafa. Da ya hango mota sai ya ce, "Dafa." In miƙa hannu in dafa har ta wuce. Sai ya ce, "Saki."

Ranar farko na ji kamar wasa yake da ni. Amma gilashin na rawa a ƙarƙashin hannuna, ina jin bugun tsakuwa a tafina, na ga kamar da gaske ni nake riƙe da shi. Na fara zuba ido a hanya don kada mota ta zo ban shirya ba. Mutumin da ya zuba ido a hanya ba ya ganin abin da ya bari a ɗaki. Da muka dawo da yamma na ci tuwo, na nemi ƙari.

Haka muka yi shekaru. Ba ma hira sosai. Shi ne mai magana, ni mai ji, da kunnen da ya rage, wanda Allah ya sa shi ne na ɓangarensa. Ba mu taɓa zancen matattunmu ba. Sau ɗaya dai, muna wucewa ta wata kasuwar ƙauye, ya ga wata mata da tulu a ka, ya rage gudu, ya ce, "Tafiyar yayarka." Na ce, "Haka ne." Ya ƙara wuta.

Akwai ɗan tabo a gilashin, a kusurwar ƙasa ta ɓangarena, kamar tauraro. Wata rana ce bayan mun ci rogo gyangyaɗi ya ɗauke ni, mota ta wuce, tsakuwa ta buga. Bai yi faɗa ba. Sai dai daga ranar, duk wanda ya tsaya kusa da motar sai ya kira shi ya nuna masa. "Malam, zo ka ga barcin ƙanin matata. Ga shi nan, ba ya gogewa." Har masu awon gyaɗa sun san tabon.

Yana da halinsa. Ba ya ɗaukar gyara. Yana da rowar taba, ko da yake ba sha yake ba, ta gilashi ce. In wani direba ya roƙa sai ya ce ta ƙare, alhali tana cikin gwangwani. Amma in muka tarar da mota ta lalace a daji, ko ta wanda suka yi faɗa da shi jiya ce, sai ya tsaya. Kafin ya tafi kuma sai ya wanke wa mutumin gilashi, yana yi yana zaginsa a kan ƙazanta.

Faɗanmu ɗaya ne, kuma a kan gilashin ne.

Wata damina na lura wankin ya yi yawa. Mu tashi da gilashi fes, ba mu yi nisa ba ya tsaya ya sauka da buta. Ya wanke, ya tsane, ya hau, ya leƙa, ya tsuke fuska. Ya ce hazo ne a jiki. Ya ce tabar bana ba ta da kyau. Ya ce na taɓa da hannun mai. Ya canza tsumma. Ya canza rijiyar da yake ɗibar ruwa. Ni kuwa ta ɓangarena ina ganin har tsuntsun da ke kan kuka. Na kuma lura ya daina cewa "Dafa." Ni nake hango motar, in dafa, sannan shi ya gan ta.

Na riƙa kallon idonsa ta gefe. Baƙin ya fara yin fari-fari, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Ranar da abin ya faru, muna dawowa da yamma, rana a bayanmu, hanya a buɗe. Wata Bafillatana ta fito daga gona da ƙwarya a ka, da goyo, za ta tsallaka. Na gan ta tun daga nesa. Na jira ya rage gudu. Bai rage ba. Na ce, "Yaya, mutum." Ya ce, "Ina?" Na daki ƙarfen gaba na ce ya taka birki. Ya taka. Motar ta ja ƙasa ta tsaya a karkace. Matar ta tsira, ƙwaryar ce ta fashe. Ta tsaya a gefen hanya tana kallonmu, nono har ƙafarta.

Ya sauka ya ba ta haƙuri. Ya dawo ya ɗauki buta.

Na ce, "Ajiye butar."

Ya ce, "Ba ka ga gilashin ba ne?"

Na ce, "Gilashin ba shi da laifi. Idonka ne."

Ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Mai jaki ne zai gaya mini ido?"

Na ce, "Mai jaki ya ga matar. Kai ba ka gan ta ba."

Ya ce, "Sauka."

Na sauka. Ya ja motar ya tafi a hankali. Na tako da ƙafa har Kabuga, har gida.

Na koma ɗakina. Ban je wurin Alhaji ba, ban gaya wa kowa ba. Na riga na faɗa wa mai idon, ya ji. Amma kullum in na ji ƙarar babbar mota daga nesa sai gabana ya faɗi.

Ba a yi mako ba, da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana hanya, sai na ji an taɓa asabarina. Shi ne, da gwangwaninsa a hammata.

Ya ce, "Na mayar wa Alhaji makulli."

Na ce, "To."

Ya ce, "Na gaya masa da bakina. Ya ce in ƙara shekara, na ce a'a." Sannan ya ce, "Tashi ka raka ni gida. Lungun nan naku duk ramuka ne."

Lungun ba rami ko ɗaya. Na kama hannunsa muka tafi. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce ba.

An gwada magani, na gida da na asibiti. Bai yi ba. Yanar ta rufe ido ɗaya, ta bi ɗayan. Ni na koma ɗibar ƙasa da jakin aro. Motar ta yi 'yan shekaru a hannun wani, sannan injinta ya mutu, aka kwance ta. Katakon jikinta aka yi ƙofofi da shi. Alhaji mutumin kirki ne, ya aiko a tambayi tsohon direbansa ko yana son wani abu a ciki. Mutane suka ce ya nemi kujera, ko taya ya sayar wa masu takalma. Ya ce gilashi yake so. Aka ce na ɓangarensa ya riga ya fashe. Ya ce da ma na hagu yake nufi.

Ni na ɗauko shi a ka, a naɗe cikin buhu, tun daga Kabuga. Ya jingine shi a bangon ɗakinsa, ya lulluɓe da wani tsohon zane na yayata.

Wannan ne abin da 'yan unguwa suka gani. Kowace safiya ya fito da shi ƙofar ɗaki, ya cire zobe, ya zuba ruwa daga sama, ya wanke, ya tsane. Da farce yake bin sa, in ya ji ɗan abu ya maƙale ya sake jiƙawa. Sai ya zauna a bayansa, ya fuskanci inda rana take. Haske da duhu yana iya bambancewa. Yara na leƙe suna dariya. Bai kula su ba. Abin da hannunsa ya sani ke nan. Mutum ya yi rabin ransa yana tashi don abu ɗaya, ba ka ce masa ya zauna haka nan. Ni na san zaman haka nan. Na yi shi.

Nakan biya kafin in tafi aiki. In zauna a hagunsa, kamar da. Wani lokaci mu yi shiru har in tashi. Masu zuwa gaishe shi suka ragu, suka ƙare. A ƙarshe ni kaɗai ne.

Ana saura 'yan kwanaki ya kwanta, ina zaune, ya lalubi tabon nan da yatsa.

Ya ce, "Barcinka na nan."

Na ce, "Ka ishe ni da shi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Ƙanin mata, ko idonka biyu ranar, da sai ta buga. Hannu ba ya tare dutse."

Na ce, "Kai ka ce yana tarewa."

Ya ce, "Direbobi suka ce. Na ga wanda ya dafa ya fashe, na ga wanda bai dafa ba ya tsira. Kuma kai da kanka ka duba. Motar da ke tahowa ta dama take wucewa, ta gefena. Kai kana can hagu kana dafe da wanda tsakuwa ba ta cika samu ba."

Na ce, "To me na yi shekarun nan ina dafawa?"

Ya ce, "Ka fito daga ɗaki, ko ba ka fito ba?"



Ya ƙara da cewa, "Ni ma kujerar nan ta hagu, ba kowa a kanta, ta ishe ni da kallo. Miƙo tsumman tsanewa."

Na miƙa masa. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Bayan sadakar uku ɗansa ya shiga ɗakin don a fitar da kaya. Ba wani abu a ciki: tabarma, buta, riguna, gwangwani. Ya ɗaga zanen ya ga gilashin. Ya ce, "Kawu, wannan fa? Masu yin madubi a kasuwa sun ce a kai musu, za su yanka."

Na ce, "Ba za a yanka ba."

Ya ce, "To me za a yi da shi?"

Na ce, "Ubanka ya yi shekaru yana kallon duniya ta cikinsa, bai taɓa taka ko akuya ba. Ranar da ya ga zai taka, ya ajiye makulli da hannunsa. Ka san wannan?"

Ya ce bai sani ba. Yana ƙarami aka kai shi wurin dangin ubansa, bayan sanƙarau. Ya tsaya ya kalli gilashin. Sannan ya sa zanen uwarsa ya lulluɓe shi da kansa, ya ɗora mini a ka.

Yana ɗakina yanzu. Ina wankewa da safe. Ban kai shi iyawa ba. Na ji an fara cewa taɓuwar ta dawo kaina. Su faɗa. Wanda ya ji wannan rubutu dai ya san ba mahaukaci aka binne ba. Direba ne, kuma ya fitar da mutum daga rami ba tare da ya ce masa ga abin da nake yi maka ba. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da yayata.

Nakan je wurinsa ranar Juma'a da safe. Ba na daɗewa. In na yi addu'a sai in ɗan zauna a hagunsa. Hanya ba ta da nisa da wurin, in babbar mota ta taho ƙasa takan ɗan yi rawa. Sai in miƙa hannu in dafa kabarin har ta wuce. Na san ba ya tare komai.

Yana nan kwance a bayan ganuwa, waje da Ƙofar Kabuga, gefen hanyar da ya saba bi.